Ranar da Aka Rufe Rumbu da Ni a Ciki

Wani jikan baffana ya kira ni a waya daga ƙauyenmu, can gefen Maiyama, ya ce sun rushe rumbun ƙasan nan da ke bayan ɗakin Kaka, za su gina shago a wurin. Yana faɗa yana dariya, domin duk wanda aka haifa a gidan ya san abin da ke tsakanina da rumbun nan. "Baba, yau dai mun rama maka," in ji shi. "Hal duwatsun gindi mun kwashe." Na ce masa sun kyauta, Allah ya sa wa shagon albarka. Amma da na ajiye wayar sai na zauna a ƙofar gida har aka kira la'asar. Shi ne rumbu na ƙarshe a gidan, mu can rufewa muke ce masa, kuma ban taɓa zaton zan ji zafin faɗuwarsa ba, ni da na yi shekaru ina kewayawa ta bayan gida don kada in wuce ta gabansa.

Yaran yanzu ba su san gida mai rumbu ba. Hatsi a buhu suke ganinsa, an jibge a ɗaki mai kwano, an jefa masa ƙwayar magani, an kulle da kwaɗo. Mu kuwa da muka taso, rumbuna ne ke fara yi maka maraba tun kana nesa da gari, a jere kamar manyan tukwane, kowanne da hularsa ta ciyawa. Kafin rana ta fito sai ka ji taɓare suna amsa wa juna daga gida zuwa gida, wata ta jefa nata sama ta tafa hannu kafin ta cafe, kaji na rububin tsaba a gindin turmi ana korarsu da ƙafa, ƙaiƙayi na bin iska yana shiga wuyan riga. Kaka takan ce duk gidan da ba a ji dakansu da safe ba a je a gaishe su, domin ba lafiya ba. Yanzu inji ne ke ihu a bakin kasuwa, a aika yaro da roba ya dawo da gari mai ƙaurin ƙarfe. Ban ce da can ya fi daɗi ba. Duk wanda ya ce haka bai tambayi matan da suka yi dakan ba.

Ba kukan rumbu ne ya sa na ɗauko maganar nan ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, abu ɗaya tak ta taɓa roƙona a duk zamanmu na duniya: idan ta rasu, ni zan sauka cikin kabari in karɓe ta in kwantar da ita. Ni kaɗai ne ɗanta namiji da ya rayu. Ga kowane ɗa wannan ba abin roƙo ba ne, aiki ne da ake yi ba sai an ce a yi ba. Ni kuwa a wurina babban abu ne, ita ma ta san haka, kuma dalilin yana cikin rumbun nan.

Ni ɗan fari ne. A zamaninmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci abinci. Kunya ce, kuma ita ce mutuncin mace a gidan miji. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, uwar mahaifina, can nake ci can nake kwana. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta na kiranta. Idan tana son aikena sai ta dubi bango ta ce, "Wani shi kai ma Malam ruwa," Malam ɗin shi ne mahaifina. In na faɗi na fasa gwiwa a gabanta sai ta ci gaba da tankaɗenta, Goggo ce, ƙanwar mahaifina, za ta zo ta ɗaga ni. Sai dai nakan tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin tabarmata, ban kuma taɓa tambayar wanda ya ajiye ba. Yau ina ganin matar ɗana tana bin nata ɗan farin har bakin titi, tana ƙwala masa kira da cikakken suna, tana goge masa hanci a gaban surukinta, wato ni. Da farko abin haushi ya riƙa ba ni. Yanzu na daina tsaki.

Shi rumbu bakinsa a sama yake, kuma ƙarami ne. Da kaka, sa'ad da yake cike, babba zai hau tsani ya miƙa hannu ya jawo dame. Amma idan damina ta yi nisa, hatsi ya sauka can ƙasa, hannu ba ya kaiwa, kafaɗar babba kuma ba ta shiga. Sai a nemi yaro siriri a zura shi. Ni ne siririn gidanmu, ko daɗewa ban yi da warkewa daga kaciya ba, kuma kada in yi ƙarya, ina son aikin. Baffa, ƙanen mahaifina, yakan ɗaura mini igiya a hammata ya sauke ni a hankali, in kwance igiyar in ɗaura wa dame ya ja, in an gama ya sake jefo ta ya fitar da ni. Ciki akwai ɗumi da ƙamshin gero, in na yi magana sai in ji muryata ta yi kauri kamar ta babban mutum. Idan na fito fari fat da ƙura, sauran yara kallona suke yi, ni kuwa ina taku ɗai-ɗai.

Ranar da abin ya faru bayan azahar ne, tsakiyar damina, gero ya kusa ƙarewa. Baffa ya sauke ni, ya ja dame ɗaya, ya ce in tattara zangarniyar da ta warwatse kafin ya kai wa mata ya dawo. Ya sauka da damen, igiyar na ɗaure a jikin damen. Ina durƙushe ina tattarawa na ji iska na kuka a bakin rumbu, ban damu ba. Ashe hadari ne ya taso daga gabas, irin wanda ba ya sallama. Abin da ya faru a waje daga baya na ji shi. Baffa na ajiye dame a tsakar gida aka ce masa shanun noma sun tsinka igiya, ya bi su a guje. Mahaifina ya shigo daga gona ya hangi rumbu a buɗe, ga ruwa na shirin sauka a kan abincin gida na sauran damina. Ya haye tsani, ya kifa murfi, ya ɗora hula, ya sauko ya kwantar da tsanin don kada iska ta jefar da shi. Bai leƙa ba. Wa zai tsaya leƙe da hadari a kansa? Baffa kuma da ya dawo a jiƙe ya ga rumbu a rufe, sai ya ɗauka yayansa ya fitar da ni.

Ni dai abin da na sani, ana haske sai aka daina. Na kai hannu gaban idona ban gan shi ba. Da farko har dariya na yi, na zaci Baffa ne ke tsokanata. Na kira shi, shiru. Sai ruwa ya kece, ƙararsa ta cika rumbun har ban jin kaina. Na kira Kaka, na kira Goggo, na kira Malam, muryata na bugun bango tana dawo mini. Na yi tsalle, bakin ya yi mini nisa. Na kama bango in hau, bango sumul, ya kuma lanƙwaso ta sama, farcena ya kakkarye a banza. Duk motsin da na yi sai ya tayar da ƙura da ƙaiƙayi su shige mini maƙogwaro, in yi tari, tarin ya ƙara tayar da wata. Can na ji numfashi ya fara yi mini kaɗan, kamar an ɗora mini buhu a ƙirji, ina ja ba ya isa. Wani abu ya bi ta kan ƙafata, har yau ban san ko ɓera ne ba. Tsawa in ta faɗi rumbun duka ke amsawa, ina jinta a haƙorana. Na saki fitsari a tsaye a kan abincin gidanmu, wannan ma ya ƙara mini wani tsoron. Daga ƙarshe murya ta tafi, ina buɗe baki ba abin da ke fita. Mutum ɗaya ce ban kira ba, Adda, domin ban taɓa koyon kiranta ba in ina cikin wahala.

Ruwa bai ɗauke ba sai gab da magariba. Da aka zo rabon tuwo Kaka ta aika a kira ni daga zaure, maza suka ce ai ina cikin gida. An ce Baffa ya dubi mahaifina, mahaifina ya dubi Baffa, suka miƙe tare suka nufi rumbun. Da suka buɗe suka jefo igiya ban iya kamawa ba, sai da suka fasa gefen bakin da gatari Baffa ya shiga ya ɗauko ni. Na yi kwanaki ban yi magana ba. Aka ce iska ce ta shafe ni, aka yi hayaƙi, aka kai ni wurin wani malami a Kimba na sha rubutu har cikina ya ƙi tuwo. Baffa shi nasa maganin daban ne, ya ce a sake zura ni da rana tsaka in ga ba komai a ciki. Da ya ɗauko igiya na cije shi a hannu, tabon na nan har ya koma ga Allah. Yara suka laƙaba mini Na-rumbu. Kaka ta ce, "Ku ƙyale shi, girma na zuwa shi kwashe mai." Girma ya zo, ya wuce ma, bai kwashe komai ba.

Mutane na zaton tsoro abu ne da ke zuwa ya tafi, kamar zazzaɓi. Nawa zama ya yi, ya riƙa zaɓa mini inda zan tsaya da abin da zan yi. Da na zama saurayi na bi 'yan uwa zuwa Aliero noman albasa na rani, lokacin ba injin ban ruwa, sai 'yan rijiyoyi a fadama da jigon jan ruwa. Rijiya in ta cike da yashi bi da bi ake sauka a yashe ta. Ranar da layi ya zo kaina na tsaya a baki na leƙa, ba ta ma da zurfi, amma na ji ƙurar nan a maƙogwarona. Na ce zan ɗauki taki na kowa a madadin haka. Suka yarda, suka kuma riƙa ce mini rago a gaban 'yan mata masu kawo fura. Ban shekara ba na bar noman, ni da hannuna ke da albarkar albasa, kowa ya shaida. Na koma Jega na shiga fataucinta zuwa Kudu, kuma ban taɓa zama a gaban mota ba, kullum ina bisa buhuna, rana ta dake ni, sanyi ya dake ni. Wata rana ruwa ya kama mu a hanya, yaran mota suka ja tamfol suka lulluɓe kaya da mu duka. Ban san sa'ad da na keta ta gefe na diro ba, motar na tafiya. Masu ɗori na Aliero sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ƙafar ta haɗu, amma ɗingishin da nake yi yau daga nan ne.

A gida ma haka. Tun da na yi aure ban taɓa kwana a ɗaki da ƙofa a rufe ba, in matata na jego ana son ɗumi sai in kwashi tabarmata in koma rumfa. Ita kuwa baki gare ta. "Ni dai ban sani ba," takan ce, "miji anka ba ni ko mai gadi?" Muna dariya, amma na san ta sha kuka a kan wannan, domin maƙwabta sun yi ta cewa ba na sonta. A masallaci sahun ƙarshe ne nawa, daidai ƙofa, ko da ni na fara zuwa, har wani dattijo ya taɓa ja na gefe ya yi mini nasiha a kan ladan sahun farko. Na gode masa. Da yara suka girma suka haɗa kai za su kai ni Makka, na tambayi wanda ya taɓa zuwa ko tagar jirgi na buɗuwa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce a ba uwarsu kujerar. Yau ita Hajiya ce, ni ina nan Malam, kuma duk shekara in maniyyata sun tashi nakan rasa abin da ke yi mini daɗi.

Bayan rasuwar mahaifina na ɗauko Adda ta dawo wurina a Jega. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma kunyar na nan daram, jikokinta take aikowa su ce mini an ce kaza. Wata rana da hantsi na same ta ita kaɗai a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta zan wuce, sai ta ce in zauna. Ba ta dube ni ba, bango ta duba, yadda ta saba.

"Ranan nan da anka ruhe ka," ta ce, "na san ba ka cikin yara."

Ba mu taɓa yin maganar nan da ita ba.

"Muna ɗakin kakarka, dut mata da ɗiya, ruwa na zuba. Nid diba, nis sake dibawa. Nic ce, yara dut sun shigo? Kakarka tac ce kana zaure wurin maza. Goggonka tay yi dariya, tac ce ku ji marar kunya, ɗan hwari taka cigiya. Anka yi ta dariya. Sai nir ruhe bakina."

"Ai ba ki san ina ciki ba, Adda," na ce.

"Na ga damen da baffanka ya aje tsakar gida," ta ce, "da igiya jikinai. Igiyar da aka hiddo ka da ita. Ina zaune ina kallonta cikin ruwa hal magariba."

Hannunta bai daina ɓarar gyaɗar ba, sai dai ɓawon take zubawa cikin ƙwarya, ƙwayar a ƙasa.

"In tashi in ce mi? In ce ina ɗana, gaban uwar mijina? Nic ce ma raina, ai ba su mance ka, maza na. Tun daga ranan, in na ji ƙahwarka na jan ƙasa, ko anka ce ka kwana waje, na san aikina na."

Ba zan ɓoye ba, na ji haushi ya taso mini har wuya, irin wanda ban taɓa ji a kan mahaifina ko Baffa ba. Su ba su sani ba. Sai kuma na tuna sa'ad da abin ya faru ita kanta ba ta kai shekarun ƙaramar 'yata ta yanzu ba, yarinya ce a tsakiyar dangin miji ana yi mata dariya. Haushin bai tafi ba, tausayi dai ya zo ya zauna kusa da shi. Na ce, "Ya wuce, Adda."

"Bai wuce ba," ta ce. "Abu guda nika so. In mutuwa ta zaka, kai za ka karɓe ni cikin kabari. Ba don in wahal da kai ba. Ban taɓa riƙa ka gaban mutane ba, ina son kai ka riƙa ni gabansu."

Na ce to. Ko a ranar ba ta kama sunana ba.

Daga nan na shiga wani sabon tsoro. Duk sa'ad da ta yi tari sai gabana ya faɗi sau biyu, ɗaya don ita, ɗaya don ramin, in kuma ji kunyar na biyun. Da can in an je jana'iza a bayan mutane nake tsayawa. Sai na fara matsowa kaɗan-kaɗan ina auna kabari da ido. Namu ba shi da zurfi sosai: akwai uwa, mai faɗi, inda masu karɓa ke tsayawa, sannan a tsakiyarta a haƙa ɗa, siriri, daidai kwanciyar mutum. Na riƙa lallashin kaina cewa wannan ba rumbu ba ne, ba shi da murfi, kaina ma a waje zai kasance. Muddin ina ganin sama zan iya. Da wannan na rayu har ciwon ajalinta ya zo.

Da safe ta cika, kafin azahar an yi mata sutura an sallace ta. Muka ɗauki makara zuwa maƙabarta, babban ɗana na gefena yana satar kallona. Da muka isa ya raɗa mini, "Baba, ka bari in sauka ni da ɗan Goggo, ba wanda za shi ce komi." Na ce masa a'a. Na tuɓe takalma na sauka, ƙasar da sanyi a tafin ƙafata, na ɗaga kai na ga sama fes, na ce alhamdu lillahi. Shi ma ya sauko ta wajen ƙafa.

Abin da duk matsowar nan tawa ban lura da shi ba, idan mace ce akan ja mayafi a saman kabarin, don a suturta ta daga idon maza sa'ad da ake saukar da ita. Ina miƙa hannu na karɓi kanta da kafaɗunta, sai wani ya ce, "Ku ja, ku ja," mayafi mai kauri ya bi ta kanmu, aka danne gefensa. Dole na durƙusa. Haske ya tafi. Nan take ƙurar gero ta cika mini maƙogwaro, ni da na yi furfura, a wurin da ba gero ko ƙwaya. Ƙirjina ya kulle, kunnuwana suka ɗauki ƙara, ƙafar da ta karye ta fara rawa ita kaɗai. Duk jikina cewa yake in miƙe in keta mayafin in fita, yadda na yi a kan mota. Amma a kan mota hannuna ba kowa. Yanzu Adda ce a ciki, ba nauyi, kamar na ɗauki yarinya, kanta a kan damtsena. In na miƙe faɗuwa za ta yi. Ina jin ɗana na cewa, "Baba, sannu, Baba, sauke," kamar daga wani gari. Ban san yadda aka yi ba. Na dai san na sauke ta a hankali cikin ɗan kabarin, na juya ta kan damanta ta fuskanci alƙibla, na lalubi ƙullin likkafani ta wajen kai na sassauta. Sai aka yaye mayafin, iska ta buge ni, na ja ta da baki buɗe kamar wanda aka tsamo daga gulbi.

Na zaci an gama da ni ke nan. Aka fara miƙo itatuwa muna jerawa a kan ɗan kabarin, daga ƙafa zuwa kai, ana toshe tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Farin likkafani na raguwa, na raguwa, har ya zama saura 'yar kafa ta wajen kanta. Aka ɗora mini itacen ƙarshe a hannu. A nan ne na tsaya. Duk shekarun nan tsoron shiga nake yi, ban taɓa tunanin ni ne zan rufe wani ba.

"Malam, ruhe mana," in ji liman. "Rana na yi."

Na sunkuya na kai bakina daidai kafar. "Adda," na ce. Na saurara. Mutane suka fara gyaran murya, wani na cewa a yi haƙuri, a yi ta maza. Ban kula su ba. "Inna," na ce, karo na farko a rayuwata, da ƙarfi yadda kowa ya ji. Na saurara har sai da na tabbata. Sannan na ɗora itacen, na shafe da ƙasa da hannuna, ɗana ya kama ni ya fitar.

Mutane sun ce wanda ya iya wannan ai ya warke. Ban warke ba, jiya ma a rumfa na kwana. Abin da ya canza kawai, yanzu layi ya matso kaina, abokan tasowata sun kusa ƙarewa, kuma na ga wurin da idona, na san faɗinsa. Kwanan baya na kira babban ɗana na ce masa in ranar ta zo shi zai karɓe ni, kuma kafin ya ɗora itacen ƙarshe ya kira ni da sunana, sunan yanka, kada ya ji kunyar kowa, ya kuma saurara sosai, ko liman na gaggawa. Ya ce, "Baba, don Allah ka bar wagga magana." Na ce sai ya yi mini alkawari, ya yi. Ya tashi yana share ido, yana zaton ya kwantar mini da hankali. Ban gaya masa sauran ba. Ba tsoron a manta a kira ni nake yi ba yanzu. Tsorona shi ne ya kira, in ji muryarsa sarai, in buɗe baki ba abin da ya fita.